Wuƙar aljihu da hannun da ya zana ta: yadda za ka fara tarawa tun daga tushe

Wuƙar farko da na taɓa ƙwallafa rai a kanta ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa da rahama. 'Yar wuƙa ce mai ƙotar katako da zobe a gadon bayanta, in zai buɗe ta sai ka ji wani ƙarrr kamar ana jan zif, in zai rufe kuma sai ya zura yatsa a zoben ya ja sama sannan ruwan ya kwanta cikin ƙotar. Da ita yake fiƙe mana alƙalamin kara na makarantar allo, da ita yake fere mana rake da yamma a ƙofar gida. Sai da na girma na san sunanta Okapi, kuma a garin Solingen na Jamus aka fara ƙera irinta a 1902 musamman don kasuwannin Afirka, daga baya a 1988 aka mayar da ƙirar Afirka ta Kudu. Wallahi ranar da na san haka sai na ji ashe shekara da shekaru kallon wuƙar kawai nake ban san ta ba, don wani mutum ne ya zauna ya yi tunanin zoben nan, ba haka kawai ya faɗo ba.

Abin da nake so mai shiga harkar nan ya fara riƙewa kenan. Duk wuƙa mai naɗewa matsala ɗaya aka zo warwarewa da ita, wato yaya ƙarfe mai kaifi zai kwanta a aljihunka bai yanke ka ba, kuma in ka buɗe shi ya tsaya daram bai dawo ya datse maka yatsu ba. Kowane maƙeri da yadda ya ɓullo wa abin, kuma dabarun nan nasu su ake tarawa. Wanda bai gane haka ba zai tara ƙarafa masu ƙyalli ne kawai, kuɗinsa ya tafi, bayan shekara biyu ya rasa me ma ya sa ya saye su.

Mataki na farko, zaɓi layinka kafin ka ciro ko kwabo

Harkar tana da faɗi ɗan'uwa, ba wanda ya isa ya tara komai. Wani wuƙaƙen gargajiya na ƙasashe yake bi, Opinel da Laguiole da Douk-Douk na Faransa, Higonokami ta garin Miki a Jafan, navaja ta Sifen, Victorinox ta Suwizalan. Wani kamfani ɗaya yake riƙewa kamar Case ko Buck ya bi shi shekara-shekara. Wani kuma mutum ɗaya yake bi, duk abin da wane ya zana sai ya nema ko a wane kamfani aka buga. Ni dai shawarata ga sabon shiga ya bi layin makulli, ya nemi wuƙa ɗaya daga kowane irin makulli, saboda da wuƙa biyar ko shida ka gama karanta tarihin sana'ar gaba ɗaya da hannunka, kuma daga nan zuciyarka da kanta za ta gaya maka inda ta karkata.

Ka yanke kuma nawa za ka iya kashewa a shekara ba tare da ka taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara ba, ka rubuta shi, ka tsaya a kai. Da dala ake sayen yawancin kayan nan, ga kuɗin jigila ga na kwastam.

Mataki na biyu, san makulli da masu shi

Nan ne zan daɗe, don nan ne zuciyar abin take.

Mafi tsufa ita ce wuƙar da ba ta da sifirin ba ta da makulli, matsewar ƙota ce kawai ke riƙe ruwan. Haka Higonokami take tun ƙarshen ƙarni na 19, falle ɗaya na ƙarfe aka naɗe ya zama ƙota, sai wani ɗan wutsiya a gindin ruwan da kake dannewa da babban yatsa lokacin yanka. Haka ma Opinel ta fara, Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890 a yankin Savoie, sai a 1955 ɗansa Marcel ya ƙara mata zoben nan da ake murɗawa a wuyanta ya tare ruwan, sunan zoben Virobloc. Ka riƙe Opinel lamba 8 ka ƙirga sassanta, ba su fi yatsun hannu ɗaya ba, amma a 1985 gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya sa ta cikin kaya 100 mafiya kyawun zane a duniya.

Sai wuƙa mai sifirin a baya amma ba makulli, wadda ƙarfin sifirin ke riƙe ta a buɗe ya kuma riƙe ta a rufe. Ita ce Victorinox da Karl Elsener ya kafa a Ibach a 1884, ita ce Case ta Bradford a jihar Pennsylvania, ita ce kuma Douk-Douk da gidan Cognet ya fara bugawa a garin Thiers a 1929. Wannan Douk-Douk ɗin don tsibiran tekun Pasifik aka yi ta, hoton wani dodonsu ne ma a jikin ƙotar, amma ba ta karɓu can ba sai a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka, har suka fitar da wata mai suna El Baraka wadda suka cire hoton dodon suka sa tambarin Agadas na Buzaye a madadinsa. In ka samu El Baraka ka riƙe ta da kyau, 'yar gida ce ta wani fannin. A wannan layin na masu sifirin, sunan da za ka riƙa ji shi ne Tony Bose na jihar Indiana, mutum ne da ya ɗauki tsofaffin zanen garin Sheffield na Ingila da na Amurka ya riƙa ƙera su da hannu da wata irin daidaito da ba a saba gani ba, ya yi aiki tare da Case tun 1999 har ya rasu a 2020. Akwai kuma Great Eastern Cutlery da aka kafa a Titusville a 2006, suna buga kaɗan-kaɗan, kafin ka ce kwabo sun ƙare a hannun dillalai.

Makullin baya kuwa Buck 110 ce ta kai shi ko'ina. Ta fito a 1964, ƙota ta tagulla da baƙin katako, tana da nauyi sosai shi ya sa a kube ake rataya ta a ɗamara. Wani dogon ƙarfe ne a bayanta mai ƙugiya da ke faɗawa cikin wani gurbi a gindin ruwan, sai ka danna can ƙarshen ƙota ya ɗaga. Baƙin katakon da suke sa mata yanzu daga Kamaru yake zuwa, ɗan'uwan itacen kanya ne da muka sani.

Daga 1980 zuwa 1981 abubuwa biyu suka faru da suka canza komai. Michael Walker, wanda asalinsa maƙerin kayan ado ne a New Mexico, ya gyara tsohuwar dabara ya mayar da fallen ƙarfen cikin ƙota ya zama shi ne sifirin shi ne kuma makulli, in ruwan ya buɗu sai fallen ya karkato ya tokare masa gindi, ya kuma dasa wani ɗan mitsitsin ƙwallon ƙarfe da ke riƙe ruwan in an rufe. Shi ake kira laina lok. Shi kuma Sal Glesser mai kamfanin Spyderco, wanda da farko duwatsun wasa wuƙa yake sayarwa a wuraren baje koli, a 1981 ya fitar da wuƙa mai suna Worker, ya huda rami zagayayye a ruwanta don babban yatsa ya buɗe ta da hannu ɗaya, ya kuma sa mata maƙali irin na biro a jiki don ta maƙale a bakin aljihu. Yau kusan duk wuƙar zamani da ka ɗauka akwai hannun mutanen nan biyu a cikinta ko ba a rubuta sunansu ba.

Sai Chris Reeve, kuma gaskiya shi ne na fi so a cikinsu, ba zan ɓoye ba. Ɗan Durban ne a Afirka ta Kudu, sana'arsa ta asali ƙera kayan aikin injina, ya koma Boise a jihar Idaho a 1989. Ya dubi dabarar Walker ya ce me zai hana ita ƙotar da kanta ta zama makullin, sai ya tsaga gefe ɗaya na ƙotar taitaniyam, wani ƙarfe mai ƙarfi mara nauyi, ya lanƙwasa shi ciki, ta yadda duk ƙara damƙar da ka yi wa wuƙar ƙara kulle ta kake. Ya sa wa wuƙar suna Sebenza, da harshen Zulu ma'anarsa aiki, sauran wuƙaƙensa ma sunayen Zulu gare su, Mnandi, Inkosi, Umnumzaan. A 2008 aka fitar da Sebenza 21 don cikar zanen shekara 21. Ba ta da wani ado a jiki in ba ka nemi mai ado ba, toka-toka ce kawai, amma ka kwance ta ka mayar, ka ɗaure notin cibiyarta tamau, za ka ga ruwan na tafiya sumul ba girgiɗi saboda an auna kowane sashe daidai. Farashinta ya haura dala 400, ba ta farawa ba ce, amma ka san da ita.

Akwai saura. Bill McHenry da Jason Williams suka ƙirƙiro makullin sanda mai gittawa da kamfanin Benchmade ya fitar da sunan Axis a ƙarshen shekarun 1990, wanda bahago da mai dama duk daidai yake musu, yanzu da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare kamfanoni da yawa na yin irinsa. Ken Onion na Hawaii ya kawo SpeedSafe a kamfanin Kershaw a 1998, sifirin da ke ƙarasa buɗe ruwan in ka fara tura shi. Bob Terzuola da Ernest Emerson su suka buɗe layin wuƙaƙe masu ƙirar aikin soja. In ka riƙe sunayen nan ka riga ka fi da yawa daga masu sayarwa sanin kayan da ke gabansu.

Mataki na uku, ƙarfe

Kada lambobi su ruɗa ka. Abu uku ake nema a ƙarfen wuƙa, ya daɗe bai dakushe ba, kada ya ɓalgace, kada ya yi tsatsa, kuma samun ukun gaba ɗaya shi ne wahalar, in ka ƙara ɗaya sai ɗaya ya ragu. Baƙin ƙarfe irin 1095, mai kabon kusan kashi 1 cikin 100, yana wasuwa cikin sauƙi ya yi kaifi kamar askar wanzami amma ka yanka lemo ka bar shi ba gogewa kafin la'asar ya canza launi. Wanda ba ya tsatsa kuromiyam aka zuba masa, daga kashi 11 zuwa 13 ko sama, irin 12C27 na Sweden da 420HC na Buck da VG-10 na Jafan. D2 yana tsakiya, yana riƙe kaifi amma yana iya tsatsa. Sai manya na zamani da ake yi da garin ƙarfe, S30V da kamfanin Crucible ya fitar a 2001 tare da shawarar shi Chris Reeve ɗin, S35VN da ya biyo baya a 2009, M390 na Ostiriya, da MagnaCut da Larrin Thomas ya haɗa aka fitar a 2021.

Amma fa sunan ƙarfe rabin magana ne. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda ake ciro ƙarfe ya yi jajir daga wuta a tsoma shi a ruwa ya yi cuuu, ya san a nan ake gyara wuƙa ko a ɓata ta. Su ma can haka ne, sai dai da murhun lantarki da ma'aunin zafi. Shi ya sa 420HC na Buck, wanda ƙarfe ne mai araha, ya yi suna saboda tsarin gasa ƙarfe na wani gwani mai suna Paul Bos, yakan fi wani ƙarfe mai tsada da aka gasa da ganganci. Taurin ana auna shi da ma'aunin Rockwell, yawancin wuƙaƙen aljihu masu kyau suna tsakanin 57 da 62.

Ƙarfe mai zanen ruwa-ruwa da ake kira Damaskas, wanda Bill Moran ya dawo da shi fili a Amurka a 1973, ka yi hattara da shi. Na gaskiya aikin maƙeri ne na ninka ƙarafa iri biyu, yana da tsada, in ka gan shi da arha to ko dai ba a san da wane ƙarfe aka yi shi ba ko kuma zanen a sama kawai yake.

Mataki na huɗu, sayen farko

Fara da Opinel lamba 8 ta baƙin ƙarfe da Victorinox ƙarama, duka biyun ba za su karya ka ba. Ka yi wata uku kana aiki da su, yanka igiya, fere mangwaro, buɗe kwali. Opinel za ta koya maka wasa wuƙa da kula da tsatsa, in damina ta shigo katakon ya kumbura ruwan ya ƙi fitowa kada ka sa farce ka ji ciwo, ka buga ƙarshen ƙotar a kan tebur sau ɗaya ruwan zai leƙo, mutanen Savoie ma haka suke yi. Bayan nan sai Buck 110, sannan wuƙa ɗaya mai laina lok.

Ga wata hanya da na fi so, manyan masu zane da yawa suna ba kamfanoni zanensu a buga da yawa. Ba za ka iya sayen wadda Ken Onion ya ƙera da hannunsa ba, amma Leek ta Kershaw zanensa ce. 940 ta Benchmade zanen Warren Osborne ce, Pilar ta kamfanin CRKT ta Jesper Voxnaes ɗan Denmak ce. Tunanin gwani ne a hannunka da kuɗi daidai talaka. Kuma kada ka raina wuƙa don an rubuta Chaina a jiki, a garin Yangjiang akwai masana'antu irin su WE da Reate da ke aiki tsaf da sunansu, suna biyan masu zane haƙƙinsu, su daban masu kwaikwayon kayan wasu daban.

Mataki na biyar, yadda ake duba wuƙa a hannu

Wannan ka haddace shi. Da farko tana rufe, ka kalle ta ta sama, ruwan ya kamata ya kwanta a tsakiyar ƙota, kada ya jingina gefe har yana gogar ciki. Ka shafa yatsa a hankali wajen tsinin, in tsinin ya leƙo sama da ƙota zai yage maka aljihu ko yatsa, ajiye ta. Ka juya ta ƙasa ka ɗan girgiza, bai kamata ruwan ya zubo da kansa ba.

Sai ka buɗe ta har ta kulle. Riƙe ƙotar da hannu ɗaya, ka kama bayan ruwan da ɗaya hannun nesa da bakin, ka motsa hagu da dama, sannan sama da ƙasa. Girgiɗin hagu da dama sau da yawa ɗaure notin cibiya na gyara shi, amma na sama da ƙasa matsalar makulli ce, wannan kada ka saya. In laina lok ce ko irin ta Reeve ka leƙa ka ga inda fallen ya tsaya a gindin ruwan, in da ƙyar ya taɓa baki-baki zai iya zamewa, in kuma ya tafi har ya kusa ɗaya bangon to ya cinye, ba sauran rai a gaba. Tsakanin kwata zuwa rabi shi ake so.

In mai sifirin ce ta gargajiya sai ka ɗaga ta saitin hasken rana ka kalli bayanta, haske bai kamata ya ratsa tsakanin sifirin da fallayen ba, ka shafa yatsa ka ji ko sifirin ya yi daidai da ƙota a buɗe da kuma a rufe. Ka saurari ƙararta, mai lafiya tana tafiya sumul ta rufe da ƙas mai tsabta. Daga nan ka dubi bakin ta gefe biyu ko faɗin wasawar ɗaya ne daga gindi har tsini, ka yanka takarda ka ji ko akwai inda take sarƙewa.

Mataki na shida, jabu

A nan na taɓa ƙonewa kuma har yau abin na min ciwo. Wani mai sayarwa a intanet ya sa hoton Paramilitary 2 ta Spyderco a kusan sulusin kuɗinta, ya ce ragowar kaya ce, na tura kuɗi. Ta iso da kwalinta da takardarta, har rubutun Golden, Colorado, sunan garin da kamfanin yake, da ake yi a gindin ruwan an kwaikwaya. Kwana biyu ina murna, ran na uku na yanka kwali guda biyu bakin ya mutu murus, da na zo kwance maƙalin aljihun kan notin ya lotse kamar gwangwani. Kafin in koma masa ya rufe shafin.

Abin da na koya, farashi shi ne shaida ta farko, wuƙar da kowa ke sayarwa dala 150 ba wanda zai ba ka ita a 40 don yana son ka. Ka shiga shafin kamfanin ka ga jerin dillalan da suka amince da su. In a hannun mutum za ka saya ka ce ya ɗauko hoton wuƙar tare da takarda mai sunanka da kwanan wata, hoton gindin ruwa gefe biyu, da na makulli a buɗe. Ka nemi nauyinta na ainihi a shafin kamfani ka sa a ɗora ta a sikeli, jabu ba kasafai take dacewa ba.

Ka koyi karanta hatimin gindin ruwa kuma. Case a 1970 ta fara sa ɗigo goma a ƙarƙashin sunanta, duk shekara a cire ɗaya, to mai ɗigo bakwai ta 1973 ce kenan, a 1980 suka sake sabon zagaye da salon rubutu daban. Buck tun 1986 tana sa wata 'yar alama kusa da lambar wuƙar da ke nuna shekara. Wuƙaƙen Chris Reeve da katinsu suke zuwa mai ɗauke da ranar da aka ƙera su. Laguiole kuwa sunan ƙauye ne da salon ƙira, ba kamfani ɗaya ba ne, ƙudan zumar da ke bayanta ba shaida ba ce don ana buga masu shi birjik a Pakistan da Chaina, abin dubawa sunan maƙerin da sunan ƙarfen a jikin ruwan.

Ƙotar hauren giwa kada ka kusance ta ko an ce tsohuwa ce, an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, ga ƙashi ga ƙaho ga katako ga Micarta, wato ƙyalle ko takarda da aka matse da ƙaro ya yi tauri, duk suna da kyau.

Mataki na bakwai, sayen ta hannun maƙeri

In ka yi shekara biyu ko uku hannunka ya faɗa, sai ka fara tunanin wadda mutum ɗaya ya ƙera daga farko har ƙarshe. Manyan sukan rufe karɓar oda saboda layi ya yi shekaru, sai dai a taro irin Blade Show da ake yi a Atlanta duk watan Yuni inda ake jefa ƙuri'a kan wa zai samu damar saye. Matasan maƙera su suka fi sauƙin samu. Ka rubuta masa da ladabi, ka tambayi ƙarfen da yake amfani da shi, wa ke gasa masa ƙarfen, wane sashe yake yi da hannu wane yake bayarwa a yanka da inji, mai gaskiya ba ya jin haushin tambayar nan. Kada ka ce ya kwaikwayi zanen wani, cin fuska ne a wajensu, kuma kada ka biya kuɗi duka tun ba a fara aiki ba.

Mataki na takwas, kula da su a irin yanayinmu

Damina ce babbar abokiyar gaba. Kada ka ajiye wuƙa cikin kuben fata, fata na shan danshi tana kuma da sinadarin jima da ke sa tagulla ta yi kore ƙarfe ya yi tsatsa. Ka goge ruwan ka shafa masa mai kaɗan, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a cibiya ya isa, wadda kake yanka abinci da ita kuma ka nemi farin man nan mara ƙamshi na kemis, man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo su yi wari. Ka sa su a akwati mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga cibiya ka ji tana ƙaras-ƙaras, ka wanke da tsohon buroshin haƙori, sannan ka nisanta masu ƙotar ƙashi da ƙaho da katako daga rana da cikin mota don bushewa na tsaga su. In za ka kwance ta zamani ka nemi sukundireba mai kan tauraro, T6 da T8 su aka fi buƙata, mai kyau ba na roba-roba ba.

Wasawa, don Allah kada ka kai wuƙar tarawa wajen masu wasa da injin nan mai tartsatsi a kasuwa, na wuƙar mahauta ne da adda, zafin dutsen na kashe taurin bakin kuma ya cinye ƙarfe mai yawa a minti ɗaya. Ka samu dutse mai fuska biyu, ka shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a bakin wuƙar, ka kwantar da ita kusan digiri 15 zuwa 20, ka ja sau biyu ka duba, inda baƙin ya goge nan dutsen ke ci, in bai kai can bakin ba ka ɗan ɗaga. Ka ci gaba a gefe ɗaya har ka ji wani siririn leɓe ya taso a ɗaya gefen in ka shafa yatsa daga baya zuwa baki, sannan ka juya, ka gama a fuska mai laushi, ka ƙare da jan ta baya-baya a kan fata kamar yadda wanzami ke yi wa aska. Tsohuwar wuƙa kuwa da ta yi duhun shekaru kada ka sa mata sanfefa don ta yi ƙyalli, ka tsayar da jan tsatsa da mai kawai ka bar sauran, masu tarawa sun fi daraja ta a haka.

Maganar yawo da ita, ka yi hankali sosai. A garuruwanmu da ake fama da 'yan daba da ƙwacen waya, jami'in tsaro da ya laluba aljihunka ya ji wuƙa ba zai tsaya jin tarihin Michael Walker ba, to ka bar su a gida ko gona ko wurin aiki, kada ka shiga taro ko kasuwa ko makaranta da su. A jirgi cikin babbar jaka ake sa ta ba ta hannu ba. Kowace ƙasa da dokarta, a Ingila misali wadda ba ta kullewa kuma ruwanta bai wuce inci 3 ba ita aka yarda ka riƙe ba tare da wani dalili ba. A gida kuma akwatin ya zama mai kwaɗo, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Na ƙarshe ka buɗe littafi tun daga wuƙar farko. Sunanta, wanda ya zana, kamfani, ƙarfe, ranar saye, nawa ka biya da dala da kuma naira ko sefa a ranar, ka ajiye kwali da rasit da kati don suna ƙara mata daraja in za a sayar, ka ɗauki hoton hatimin gindin ruwan ka adana. Kuma ka nuna wa uwargida ko babban ɗanka inda littafin yake ka yi musu bayani, don in ta Allah ta kasance masu rabon gado su san abin da ke cikin akwatin, kada a haɗa Sebenza da wuƙaƙen kicin a yi musu kuɗi ɗaya.